Tsohon Buntan na Bakin Matsuo

Ba wanda ya zauna a unguwarmu ta bayan Sukumo, can inda hanyar masu ziyara ke gangarawa kafin ta kama hawan dutsen Matsuo, da bai san Tadokoro Masuo ba, ko yana so ko ba ya so. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuya kusan babu. Shekara arba'in ya yi yana dakon kayan masu tashi daga gida zuwa gida: firiji, kabad, injin wanki, tukwanen furen tsofaffin mata waɗanda ba a yarda ko ganye ɗaya ya karye ba. Yakan dubi kaya ya faɗi nauyinsa tun bai taɓa ba, kuma ba a taɓa jin motar da Masuo ya loda ta bar ko tsintsiya a baya don rashin wuri ba. Amma fa shi a ɗaukar masa, ko kusa. Ranar da aka sallame shi daga asibiti bayan aikin gwiwa, nas ta miƙa hannu za ta riƙe masa ledar magani, sai da aka shiga tsakani.

A bayan gidansa akwai bishiyoyin buntan, wani irin ƙaton lemo, guda uku, gadon mahaifinsa. Wanda ya san buntan ya san ba lemon sawa a aljihu ba ne. Kowane ɗaya ya kai kan jariri, rabinsa ɓawo ne mai kauri, sai da wuƙa da haƙuri ake isa ga abin ci. A gaban gidan kuwa hanyar masu ziyarar haikalai ce, masu farar riga da malafa da sanda. A tsibirinmu in mai ziyara ya wuce ƙofarka kakan ba shi wani abu, osettai, shi kuma ba ya cewa a'a, don ba shi kaɗai ka bai wa ba, har da waliyyin da aka ce yana tafe tare da duk mai sanda. Masu hankali sukan ba da alewa, ko kofin shayi, ko benci a huta. Masuo buntan yake bayarwa, biyu-biyu.

"Dakata, bawan hanya! Ungo."

"Kai, Baba, na gode ƙwarai, sai dai jakata ta cika, ba wuri."

"Ba wuri? Sauke in gani."

A nan gwanintar shekara arba'in ke fitowa. Ya zazzage jakar mutum a kan teburinsa, ya naɗe safa ya cusa cikin silifas, ya kwantar da rigar ruwa, ya tayar da gorar da aka kwantar, kafin mai jaka ya gama sunkuyar da kan godiya buntan biyu sun shige, zif ya rufu lafiya lau. Ya ɗora masa a baya da kansa, ya ɗan bubbuga masa kafaɗa, ya tsaya yana kallonsa har ya ɓace a gangara, zuciyarsa fari tas.

Matarsa Kinue ba ta sa baki a harkar tebur. Mace ce 'yar ƙarama marar yawan magana. Abin da kawai aka sani nata shi ne tsohon kekenta mai kwando a baya. Kullum da yamma lis sai ta ce za ta sha iska, ta dawo ta ƙofar baya ta ɗora girki. A zamaninta Masuo na da abin tinƙaho biyu: ba wanda ya taɓa ƙin kyautarsa, kuma kwandonsa ba ya ƙarewa sai an gama dashen shinkafa, alhali buntan ɗin maƙwabta tuni ya zama labari. Yakan ce albarkar bayarwa ce.

Da Kinue ta rasu abu biyu suka canza, ya kuma samo wa kowanne fassarar da ta kwanta masa. Buntan ya fara ƙarewa da wuri: bishiyoyin ne ke makokinta. Sannan a ƙasan gangara, gindin Jizo, ɗan mutum-mutumin dutsen nan mai jan ƙyalle a wuya da ke tsaron bakin hawa, buntan ya fara taruwa: masu ziyarar yanzu sun fi na da ibada, har suna raba kyautarsa da Jizo. Mu maƙwabta muka ce haka ne, Tadokoro-san, haka ne. Wa zai ɗauko wa kansa wannan magana?

A hunturun da ya haura saba'in da 'yan kai bayansa ya riƙe. Ba ma wajen wani babban kaya ba. Buhun taki ya sunkuya zai ɗauka, aka same shi durƙushe cikin lambu yana zagin buhun. Likita ya ce ƙashin bayan ya gaji da dako, in aka ƙara ɗora masa nauyi to sai dai wuƙa ko keken guragu. 'Yarsa tilo, Chizuru, ta iso daga Osaka da shawararta a dafe: ta gyara masa ɗaki a gidanta, hawa na tara, ga lifta, ga asibiti a tsallaken titi.

"Hawa na tara," in ji Masuo. "A can masu ziyara ta taga suke wucewa?"

"Baba, ba wanda zai mutu don bai sami lemo ba."

"Ke ba ki san hanya ba. Daga nan sai hawan Matsuo, ba kanti, ba famfo. Mutane sun dogara da teburin nan."

"Kai ka san hanyar? Tun kafin a haife ni kake zaune a bakinta, ko haikali ɗaya ka taɓa zuwa da ƙafa?"

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Nan take, ba tare da ya shawarci gwiwa ko baya ba, ya ce to zai taka: daga garin Kubokawa ya gangara bakin teku har tsinin Ashizuri, ya yanko duwatsu ya dawo Sukumo, tafiyar mako guda ga mai lafiya. In ya iso ƙofar gidansa da ƙafarsa, a miƙe, magana ta mutu, a bar shi da gidansa da teburinsa. In kuwa mota ce ta kawo shi, zai bi ta Osaka ba musu. Chizuru 'yar ubanta ce wajen taurin kai. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: ba zai goya jaka ba, za a riƙa kai masa ita daga masauki zuwa masauki.

Shirin ya ci su makonni, kuma duk faɗa ne. Chizuru ta baje taswira a tabarma ta riƙe waya tana kiran masaukai ɗaya bayan ɗaya, don a wannan yanki in ka rasa ɗaki a ƙauye guda, na gaba sai ka yi rabin yini. Wani masaukin an rufe, mai shi ta tsufa. Wani ba ya karɓar kaya sai mai kayan na tsaye. Inda zango ya yi tsawo ta raba shi biyu, Masuo ya haɗe, ta sake rabawa, ya fita lambu yana gunaguni. Maganar jaka kuwa ta damƙa wa Tokiko, ƙawarta tun firamare, mai 'yar farar motar kaya. Sana'arta ke nan a lokacin ziyara: ta bi masaukai da safe ta kwashi jakunkunan waɗanda gwiwa ko shekaru suka hana goyo, ta riga su isa zangon gaba.

"Baba Masuo, ƙa'idar ba wuya," in ji Tokiko ranar da ta zo ganin jakar. "Jaka ɗaya. Ka ajiye ta bakin ƙofa kafin ka fita, ka ɗaura mata sunan masaukin gaba, ka yi tafiyarka. Kada ka waiwaya, ba za ta yi kuka ba."

"Ni da na sauko da fiyano daga hawa na huɗu ta matakala, yau yarinyar da na share wa majina ce za ta ɗaukar mini wando da buroshi."

"Ba ni zan ɗauka ba, mota ce. Kai ma ai ba a ka ka kai fiyanon har birnin Kochi ba."

Sai Masuo ya roƙe ta alfarma ɗaya: in ta gan shi a hanya kada ta tsaya ta gaishe shi gaban mutane.

Ya fita daga Kubokawa da farar riga sabuwa dal, da malafa, da sanda, da 'yar jakar tsumma a wuya wadda ba komai ciki sai turare da kyandir da gorar ruwa. Da farko bai ma san yadda ake tafiya ba kaya ba. Kafaɗunsa sai neman abin turewa suke, yana ta karkata gaba kamar wanda ya yar da allura. Daga baya abin ya fara yi masa daɗi, har ya ji kunyar daɗin. Ya ga gonakin citta da ya sha wucewa a mota bai taɓa gani ba. Ya kama kansa yana fito.

Abin da shi da Chizuru ba su sa a lissafi ba, duk da taswirarsu da wayarsu, shi ne idon tsofaffin matan ƙauye. Mai ba da osettai, in dai ba Masuo ba ne, yakan dubi bayan mutum kafin ya miƙa hannu. In ya ga saurayi na nishi ƙarƙashin jaka kamar rumbu, alewa biyu ta isa. To ga dattijo fari fat da furfura, ba jaka, ba bargo, ba komai.

"Wayyo, bawan hanya, sata aka yi maka?" in ji wata tsohuwa mai shara a ƙofar gidanta.

"A'a, Iya, kayana na gaba."

"Gaba ina? Haka duk kuke cewa. Ba ka da 'ya'ya ne, suka sake ka haka? Tsaya nan, kar ka motsa."

Ta dawo da gasasshen dankali cike da leda da babbar kwalbar ruwan lemo. "Ai ba ka da kaya," in ji ta, "ba zai dame ka ba." Masuo ya haɗa hannu ya sunkuya ya yi godiya, kamar yadda aka yi masa sau dubu. Kafin rana ta raba ya ƙara da tumatir, da busasshen kifi, da tawul, sannan wani manomi ya tsallako rafi musamman don ya danƙa masa kabeji. Dankali a hagu, kabeji a dama, sandar waliyyi a hammata.

Ya ci iya cinsa. Ya gwada miƙa wa wasu masu ziyara, suka nuna masa bayansu suka ƙara sauri. Ya zubar kuwa, ko a ransa bai kawo ba. Zubar da osettai ai watsa wa mai bayarwa ƙasa a ido ne. Da yamma a masauki sai ya koma sana'arsa, ya cusa komai cikin jakar da Tokiko za ta ɗauka. Jaka ɗaya aka ce, kuma jaka ɗaya ce. Wata safiya ya sauko ya tarar da ita tsaye a kan jakar, hannu a ƙugu.

"Baba, jakar nan ciki gare ta? Ranar farko da hannu ɗaya na ɗauke ta, jiya sai da mai masauki ya kama mini."

"Iskar teku ce, tana sa kaya nauyi."

"Iskar teku mai warin kabeji. Na kuma gan ka jiya bakin gada, hannu biyu cike kamar mai dawowa daga kasuwa. Ban tsaya ba, na cika alkawari. Amma Chizuru na kirana kowace yamma, ni kuwa ƙaryata ba ta da nisa."

"Sharaɗi ya ce kar in goya jaka. Kin ga jaka a bayana?"

"Je ka gaya wa ƙashin bayanka haka."

Ƙashin bayan kuwa ya riga ya fara magana. Da safe sai ya dafa bango yake miƙewa, da yamma wani zafi ke bin ƙafarsa ta hagu har diddige. Masuo ya tsorata, tsoro na gaske. In ya rufe ido ba abin da yake gani sai tagar hawa na tara, da shi zaune a bayanta yana kallon rufin motoci.

A masaukin da ke kusa da Ashizuri aka zaunar da baƙi duka a dogon tebur ɗaya, aka kawo kifin da aka babbaka wa baya da wutar kara. Kusa da Masuo wani Nukata ne, tsohon direban tasi daga Nagoya, zagayensa na huɗu ke nan a hanyar, kuma bakinsa ba ya gajiya ko ƙafarsa ta gaji. Ya dubi ledojin da Masuo ya shigo da su ya girgiza kai.

"Yayana, tun farko ka yi kuskure. A hanyar nan ba a tafiya baya sake. Ko jarida ce ka cusa a jaka ta kumbura, su tausaya wa bayanka su ƙyale cikinka. Amma duk wannan wasan yara ne, jarrabawa ta gaske tana Sukumo. Ka taɓa jin labarin Tsohon Buntan?"

Masuo ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. Ya ce bai taɓa ji ba. Zuciyarsa ta yi wani tsalle, ashe sunansa ya kai har Nagoya.

"Tabɗi! Mutumin kirki ne fa, kar ka ji an ce, amma annoba ne. Daidai inda za ka fara hawan Matsuo, inda mutum ke ji kamar ya yar da ko buroshin haƙorinsa, nan yake tare hanya. Biyu-biyu! Ka ce ba wuri, ya kwance maka jaka kamar ɗan kwastan. Ba wuƙa, ba komai, lemon da sai da gatari."

"To... mutane ba sa jin daɗi?"

"Suna ji mana, har ƙasan gangara. Akwai Jizo a can, bawan Allah, shi ke karɓar mana. Ni a zagayena na farko wauta ta sa na haye da su har lardin Ehime, can bayan dutsen, kafaɗata sai da ta yi wata tana tuna mini. Yanzu duk wanda ya sani ta bakin kogi yake bi. Ya ɗan fi nisa, amma ba buntan."

Wata mata a ƙarshen tebur ta ce ita ma tun a masaukinta na farko aka gargaɗe ta. Kowa ya kwashe da dariya. Masuo ma ya yi, don in bai yi ba za a gane. Kifin dai bai sake taɓa shi ba. Da ya koma ɗaki ya gaya wa kansa cewa mutanen birni ne, ba su san alheri ba, kuma wa ke ɗaukar maganar direban tasi.

Kwana biyu bayan nan, a hanyar da ke yanke duwatsu zuwa Sukumo, wani manomi ya sauko daga tsani cikin gonarsa yana ɗaga masa hannu. Dattijo ne kamarsa, fuskarsa cike da murna. Ya dubi bayan Masuo ya ga ba komai, ya koma ya dawo da leda biyu.

"Na bana ne, zaƙi kamar zuma. Ungo huɗu, tunda ba ka da kaya."

Masuo ya karɓi buntan huɗu, ya sunkuya, ya yi godiya. Manomin ya ɗan bubbuga masa kafaɗa ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana. Bayan kwanar sai hawa. Bai yi nisa ba bayan ya riƙe, irin riƙewar ranar buhun taki, har numfashinsa ya ɗauke. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, igiyar leda na yankar yatsunsa, Osaka na matsowa. A gefen hanya, cikin ciyawa, ga wani Jizo na kallonsa. Masuo ya dubi hagu ya dubi dama kamar ɓarawon kaza, ya ja ƙafa ya saki ledojin a gindinsa, ya jera buntan ɗin da kyau, ya haɗa hannu don abin ya yi kama da ibada.

Da ya miƙe ya ji jikinsa sakayau. Ya bincika zuciyarsa ko zai sami haushin manomin, bai samu ba ko kaɗan. Godiyar da ya yi ta gaskiya ce, sauƙin da ya ji na gaskiya ne, kuma wannan ne ya fi ci masa rai, don ya toshe masa hanyar cewa Nukata butulu ne.

Ranar ƙarshe Nukata ya manne masa. Suka kunna turare a haikalin Sukumo, suka ratsa gari, suka iso inda hanya ta rabu biyu. Masuo ya sha wucewa nan a mota, amma bai taɓa lura da yadda ƙafa ta goge 'yar hanyar bakin kogi ba, har wani mai tausayin jama'a ya ɗaura jan zare a reshe don kada a ɓata.

"Nan ne," in ji Nukata da raɗa. "Bi ni, ko tari kar ka yi."

"Ni ta sama zan bi."

"Yayana, ka haukace? Da wannan bayan naka?"

"Gidana ne. Mai tebur a ƙofa."

Nukata ya tsaya cak. Ya cire malafa, ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, yana ta in-ina cewa ai buntan ɗin akwai zaƙi, kowa na faɗa.

"Bi ta kogi abinka," in ji Masuo. "Ya ɗan fi nisa."

Chizuru da Tokiko na tsaye a ƙofar gida, jakarsa ta riga shi isowa, tana zaune a dandamali tana warin kabeji. Chizuru ba fuskarsa take kallo ba, bayansa take kallo, kuma a miƙe yake. Ta buɗe baki za ta yi masa sannu, ya wuce ta, ya wuce teburin, ya kama gangara.

"Baba! Nan ne gidan!"

Bai tsaya ba sai gindin Jizo. Buntan ɗin da ya rarraba kafin ya tafi na nan a tare, wasu sun yi laushi, wasu sun yi fumfuna, tururuwa na hidimarta. Ya ji takun Chizuru a bayansa.

"Kin sani?"

"Duk unguwa ta sani, Baba."

"A'a. Da ba haka yake ba. Shekara da shekaru ina wucewa nan da safe zuwa aiki, ko ɗaya ban taɓa gani ba sai bayan rasuwar uwarki. Mutanen da suna hayewa da shi."

Chizuru ta matso kusa da shi.

"Da safe ka ce. Ina kake tsammani Mama ke zuwa shan iska?"

Sai ta gaya masa. Kwando a bayan keke, tsumma a kai, shiga ta ƙofar baya. Ta wanke su ta goge ta mayar cikin kwandon tebur kafin ya fito daga wanka. Akwai wani mai tabo kamar sawun kyanwa da su biyu suka riƙa lura da shi wata shekara. Sau da yawa ya ba da shi ya dawo, har suka riƙa yi masa sannu da zuwa.

"Na ce mata ta faɗa maka. Ta ce in je in kalli fuskarka lokacin da kake rufe zif, in zan iya, ni in faɗa."

Masuo ya dubi tarin. Idonsa, wanda bai taɓa kuskuren nauyi ba, ya gaya masa abin da kwandon yini guda zai kai, ko bai tambaya ba. Ya juya ya dubi hanyar gida. Shi kullum daga sama yake kallonta, gangara ce; daga nan hawa ce. Kinue kuwa, da hannu ɗaya yakan ɗaga ta in yana tsokanarta. Kunya ta fara kama shi, sannan kewarta ta zo ta ture kunyar gefe. Ya yi kuka a tsaye, a miƙe, don bayan ba ya bari ya sunkuya.

"Ka iso da ƙafarka," in ji Chizuru can. "Gidan naka ne. Amma in kana so, ɗakin na nan."

Ta zaci yanzu da teburin ya zama abin da ya zama, ba sauran abin da zai riƙe shi. Masuo ya share fuska da hannun farar rigarsa.

"Keken uwarki na nan?"

Kafin ta koma Osaka, Chizuru ta sayo masa wuƙa mai kyau da 'yan faranti, ta nuna masa yadda zai ɓare buntan ya ba da yanka biyu-uku a ci a wurin a wuce. Ya gwada kwana biyu ya ce shi ba marowaci ba ne, ba zai bai wa waliyyi guntu ba. Har yau in wani da labari bai isa kunnensa ba ya biyo ta sama, Masuo na nan: dakata, bawan hanya, sauke in gani. Biyu-biyu, zif ya rufu. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yakan ce, kamar wanda ya tuna wani abu marar muhimmanci, akwai Jizo a ƙasa, mai son lemo ne ƙwarai.

Da yamma lis kuma yakan fito da keken. Wata maƙwabciya, wadda bakinta ba ya riƙe ruwa, ta kai labari Osaka, waya ta yi ƙara.

"Baba, likita ya ce kar ka ɗauki kaya!"

"Ba ni ke ɗauka ba, keke ne."

Zuwa ba wuya, gangara ce. A dawowa yake turawa a hankali, kwando cike, tsumma a kai. A rabin hawa akwai katangar wani lambu inda numfashinsa ke ƙarewa, dole ya jingina keken. Ranar farko ya ga kan keken ya faɗa daidai cikin wani tsohon gurbi da ƙarfen wannan keken ya ci a jikin simintin tun zamanin Kinue. Yakan ɗan tsaya a nan fiye da yadda gajiya ke bukata. Sannan ya ƙarasa, ya zagaya, ya shiga ta ƙofar baya, ko da yake ba sauran wanda za a ɓoye wa.